Ranar da Aka Kife Jirgin Baba

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan marigayi ƙanena Hamisu, dukanku nake nufi da wannan babin. Kun taso kun tarar gidajenmu biyu suna gaisawa amma ba sa hira, kuma kowannenku ya ji abin da ya ji daga bakin uwarsa ko gwaggonsa. Wasu sun ce na sayar da jirgin kakanku. Wasu sun ce na kife shi kakanku yana da rai don in hana Hamisu gado. Ban taɓa ba kowa amsa ba, domin an ɗaure mini baki. Yanzu wanda ya ɗaure ni ya rasu, wanda aka ɗaure ni dominsa ma ya bi shi, saboda haka zan faɗa muku yadda abin ya faru, daki-daki. Kada wanda ya tsallake zuwa ƙarshe.

Da farko sai ku san sana'ar gidanmu. Kakanku, wanda muke kira Baba, shi ne Sarkin Fito na mashigin da ke ƙasa da Zandam, a ƙasar Gwaram. Fito shi ne haye da mutane kogi a cikin jirgi. Da rani kogin nan ko yaro yakan ratsa shi da ƙafa, yashi ne da 'yan kududdufai. Amma idan damina ta yi tsakiya yakan cika ya batse, ya zo da itatuwa da matattun dabbobi, babu mai ƙetare shi sai ta hannun Baba. Jirgin kwale-kwale ne da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci guda tun zamanin mahaifinsa. Ba a biyan Baba a bakin ruwa. Idan kaka ta yi, gidajen ƙetare da na wannan gefen sukan aiko da damin dawa ko na gero, Fulani su kawo nono da man shanu, da haka muke ci. Gonarmu 'yar ƙarama ce, domin lokacin noma shi ne lokacin fito.

Sana'ar tana da dokoki biyu, idan ba ku riƙe su ba ba za ku gane sauran maganar ba. Ta farko, mai jirgi ba ya barin mashigi daga zuwan ruwan fari har ruwa ya janye, ko da mutum ɗaya bai zo ba, domin ba a san lokacin da za a kawo mai naƙuda ko wanda maciji ya sara ba. Ta biyu, ba a kife jirgi muddin mai shi yana numfashi. Ko gyara za a yi, sai dai a jingine shi ta gefe. Ranar da mai jirgi ya rasu ake jawo shi tudu a kife, duk wanda ya hango daga ƙetare ya san abin da ya faru tun kafin a aika masa. Haka zai zauna har sadakar arba'in, sannan magaji ya zo ya ɗaga shi da hannunsa ya tura shi ruwa. Wanda ya ɗaga, dokar farko ta hau kansa har mutuwa. Wannan ba addini ba ne, liman ma ya sha faɗa mana, amma haka muka tarar kuma haka muka riƙe.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa ambatar sunana ba saboda kunya. Idan yana nemana sai ya ce "kai", ko ya ce wa Inna, mahaifiyarmu, ina yaron nan naki. Ni aka ɗauka aka kai elementare a Gwaram, na yi abin da ya samu, na fito na iya karatu da rubutu da lissafi daidai gwargwado, aka ɗauke ni malamin kiran sunan leburorin hanya. Hamisu kuwa a cikin jirgi ya girma. Kafin gemu ya fito masa ya iya duban launin ruwa ya ce an yi sama a yamma, nan da anjima kogi zai ƙaru. Kowa ya san shi zai ɗaga jirgin, ni ma na sani, ban kuma taɓa jin ƙyashi ba. Ruwa tsoro yake ba ni har gobe.

Bayan an koma tuƙi ta hannun dama, an kuma bar fam an kama naira, sai aiki ya ɓarke a ƙasa. Ko'ina hanya, ko'ina gini. Aka ce za a yi gada a sama da mashiginmu kaɗan, aka kuma turo ni wurin da littafin kiran sunana. Kullum da yamma idan na gangaro gida sai in tarar da Hamisu yana kwalfe ruwa daga jirgi, ya ɗago ya ce, Yaya, yau mutum nawa ka kira cikin masu haƙa mana kabari? A lokacin wasa ne, dariya muke yi. Ni na ɗauka gada za ta ɗauki motoci, jirgi ya ci gaba da ɗaukar masu ƙafa. Haka na faɗa wa Baba.

Daminar farko bayan an buɗe gada, tsofaffi kaɗan suka riƙa zuwa mashigi don sabo. Da kaka ta yi, dammunan da aka aiko ba su rufe gindin rumbu ba. Shekara ta biyu babu wanda ya aiko, kuma ban ga laifin kowa ba, domin ba a haye da su ba. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, Jauro Buba, wani tsohon Bafulatani abokin Baba. Yakan wuce gada da gangan, ya gangaro da ƙwaryar nono, ya tsaya nesa da ruwa.

"Sarkin Fito," in ji shi, "yanzu sarkin me za mu ce da kai? Sarkin yashi?"

"Matso kusa ka faɗa mana," in ji Baba. "Ba kai ne kake rufe ido kana kiran sunayen shanunka idan mun kai tsakiya ba? Har wadda aka yanka bara sai da ka kira."

Jauro ya yi dariya, ya shiga jirgi yana salati, Hamisu ya haye da shi. A wannan daminar shi kaɗai ne fasinjanmu.

Hamisu bai bar mashigi ko yini ɗaya ba. Tun safe zai zauna a bakin jirgi da sandar tuƙi a cinyarsa, motoci suna wucewa a saman gada, yaran mota suna ɗaga masa hannu. Yana da mata, Ladi, uwar manyanku, ga yara ƙanana. Albashina ba ya riƙe gida biyu. Inna ta fara fitar da tasoshinta na jere ɗaya bayan ɗaya tana sayarwa, ba ta gaya wa kowa ba, sai dai mu ga bango yana yin fili. Ana cikin haka wani ɗan'uwan Inna mai motocin haya a Kano, Alhaji Tanko, ya zo ya ce a ba shi Hamisu ya koya masa tuƙi. Baba ya ce ga shi nan, a tambaye shi. Hamisu ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, amma idan ya tafi wa zai ɗaga jirgin? Baba a lokacin idonsa ya fara rauni, ga tari da ba ya barinsa. Na ga ya dubi Hamisu ya daɗe, sannan ya dubi 'ya'yan Ladi da ke wasa da ƙasa a tsakar gida.

Da ranin da ya biyo baya ne Malam Isiyaku ya zo. Ma'aikacin gidan kayan tarihi ne, mutum mai ladabi, ya cire takalmi tun daga zaure. Ya ce za a yi baje kolin sana'o'i da kayan gargajiya a Birnin Kudu, a fili, kusa da duwatsun nan masu zane, kuma a bana kogi za a tuna da mutanensa. Yana roƙon aron jirgin, a nuna shi a dawo da shi kafin ruwa ya zo. Hamisu ya ce jirgi ba tsana ba ce da za a kai kasuwa a yi kallo. Inna daga bayan zana ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an ɗora jirgi a mota ba, mota ce dai ake ɗorawa a jirgi a garuruwan da ke da babban ruwa. Muna jiran Baba ya ba baƙo haƙuri, sai muka ji ya ce ya yarda. Ya ce da ni, kai, ka nemo mota a wurin mutanenka na gada. Na nemo. Ku riƙe wannan, domin daga baya an ce ni na shirya komai, an kafa hujja da motar. Hamisu ya taya mu ɗorawa, ya sa buhunan ƙaiƙayi a ƙarƙashi don kada ya tsage, amma ya ƙi bin mu. Ya ce zai zo ranar tashin taron ya ɗauko abinsu.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. An kafa rumfuna layi-layi. Ga masaƙa da marina, ga maƙera suna zuga, ga mata masu tukwane da masu zanen ƙwarya. A gefe guda an shimfiɗa tabarmi an jera tsofaffin takubba da akusa da wuri da tasoshin tagulla waɗanda masu su suka daɗe a ƙasa. Masunta sun rataye tarunsu da gorunansu a jikin itace. Jirginmu aka ajiye a tsakiyar fili a kan gumaka, aka sa wa Baba kujera a inuwar wata tsamiya kusa da shi. Ya sa farar rigarsa ta sallah. Mutane suna zuwa suna shafa jirgin, wasu su shiga su zauna mai hoto ya ɗauke su. Wata mata ta zo da saurayin ɗanta, ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta nuna wani wuri a cikin jirgin ta ce a nan aka haifi wannan, ruwa yana jijjiga su. Baba ya tambaye ta yadda suka ƙetaro yau. Ta ce a mota, ai yanzu ko tsayawa ba a yi. Ya ce madalla, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa.

Daga baya wani malamin makaranta ya zo da ɗalibansa a layi. Ya tsayar da su gaban jirgin ya ce da irin wannan mutanen da can suke haye kogi. Yara suka leƙa, suka wuce wajen takubba. Baba ya jawo hannun rigata ya ce, mutanen da can ya ce? Na ce haka ya ce. Na so in je in gaya wa malamin cewa bara-bara jirgin nan ya haye da mutum, amma Baba ya riƙe ni. Ya ce ai bai yi ƙarya ba.

Ranar tashi da hantsi, kafin mutane su cika, Baba ya sa na kira Malam Isiyaku da wakilin hakimi da wasu dattawa biyu. A gabansu ya ce ya ba gidan tarihi jirgin nan kyauta, ba aro ba, ba ciniki ba, kada a ba shi ko goro. Malam Isiyaku ya ruɗe da godiya. Da suka tafi muka rage mu biyu a gindin tsamiya, sai na ji ya ce:

"Ibrahim."

Sai da na waiga in ga wa ake kira. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

"Je ka samo mutane ku kife shi."

"Baba, kana raye."

"Na san ina raye. Shi ya sa nake so a yi yau. Idan na mutu yana bakin ruwa, ɗan'uwanka zai ɗaga shi, kuma ba zai tashi daga wurin ba sai an ɗauke shi a makara. 'Ya'yansa za su ci yashi ne? Idan aka kife shi ina zaune, ba shi da hannun da zai ɗaga."

Na ce to ya gaya wa Hamisu da bakinsa, ya ce ya yafe masa dokar. Baba ya girgiza kai. Ya ce dokar ba tasa ba ce balle ya yafe ta, kuma ya san ɗansa: idan ya gane dominsa aka yi, zai koma ya zauna a mashigi ko babu jirgi, don kada a ce saboda cikinsa gidan Sarkin Fito ya mutu. Ya ce dole ya tafi da fushi, fushi ne kaɗai zai kai shi Kano.

"To fushi da wa, Baba?"

Ya dube ni da idanunsa masu hazo, na gane ni yake nufi.

Na yi tunani a tsaye, kuma ina so ku sani ba a tilasta ni ba. Na auna abu uku: umarnin uba, bakunan yaran Ladi, da zumuncina da Hamisu. Biyu suka rinjayi ɗaya. Na je na samo leburorin da ke kwance rumfuna, mutanen da ba su san al'adarmu ba. Ni na fara sa hannu. Da jirgin ya juya ya faɗi a kan gumakan, ƙararsa ta yi kama da ta babban ganga, har tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Gindinsa ya bayyana a rana, duk faci ne na kwano da kwalta da ƙaro, wasu na kakana, wasu na Baba, sababbin na Hamisu. Malam Isiyaku ya zo yana murna, ya ce haka ma ya fi, mutane za su ga aikin hannu. Bai san komai ba, Allah ya jiƙansa. Baba ya juya kujerarsa ya ba jirgin baya.

Bayan azahar Hamisu ya iso da mota. Na hango shi ya diro yana gaisawa da mutane, ya ratso ta tsakanin rumfuna. Da ya ga jirgin sai ya tsaya cik, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ya ruga yana salati, domin ya ɗauka Baba ya rasu. Sai ga Baba a zaune da farar riga yana jan carbi. Hamisu ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa, ya taɓa hannunsa, sannan ya miƙe ya tambayi wanda ya yi wannan. Na ce ni ne. Na ce na shawo kan Baba ya ba da shi kyauta a gaban wakilin hakimi, ni kuma na sa aka kife, domin aikinsa ya ƙare. Ya dubi Baba yana jiran ya ƙaryata ni. Baba bai ɗago ba. Hamisu ya je ya sa hannu biyu a ƙarƙashin bakin jirgin, na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Da ya so da ya ɗaga, yana da ƙarfin. Amma magaji ba ya ɗagawa sai bayan mutuwa, idan ya ɗaga ya ce ubansa ya mutu ke nan, ga uban kuwa a zaune. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya zare hannunsa, ya goge a riga.

"Sannu da aiki, Malam," ya ce da ni.

Daga ranar bai sake ce mini Yaya ba.

Kafin ruwa ya zo Hamisu ya bi Alhaji Tanko. Baba ya ga daminar nan a zaune a ƙofar gida, ba ya gangarawa bakin kogi, idan ya ji ƙugin ruwa sai ya shiga ɗaki. Ya rasu bayan an yi girbi. A ranar babu abin da aka kife a mashigi, don haka mutanen ƙetare ba su sani ba sai da aka aika mai keke ta kan gada. Jauro Buba ya iso bayan an rufe Baba, ya zauna a kan yashi inda jirgin yake tsayawa, ya ƙi shiga gida.

Sauran kun sani. Hamisu ya zama direba, ya yi mota tasa, ya ƙara wasu, ya je Makka, ya kai Inna. Dukanku kun yi karatu, babu wanda ya kwana da yunwa. Ya riƙa aiko mini da shinkafa duk azumi ta hannun yaro, idan mun haɗu a suna ko jana'iza mu gaisa kamar maƙwabta. Yaran motarsa sun gaya mini idan ya hau gadar nan ba ya duban hagu ko dama. Inna ta roƙe mu kafin ta rasu mu ci tuwo a kwano ɗaya, muka ci, kowa ya tashi ya kama gabansa. Sau da yawa na shirya in faɗa masa, musamman bayan ya yi arziki, tunda babu sauran abin tsoro. Amma Baba bai ce mini har yaushe ba, ni kuma ba na warware abin da ban ɗaura ba.

A ciwonsa na ƙarshe ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakinsa ya rame, ya sallami kowa. Na zauna kusa da shi. Can ya tambaye ni ko jirgin yana nan. Na ce yana nan a harabar gidan tarihi, an yi masa rumfar kwano, a kife kamar yadda aka bar shi. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Na sani. Tun a filin nan na sani. Kai da ko tsallaka kududdufi ba ka iyawa, ina ka ga zuciyar kife jirgi? Kuma da kai ne, da Baba ya tsinka maka mari a gaban jama'a."

Na ce to me ya sa duk shekarun nan.

"Da wa zan yi fushi? Da Baba?" Ya yi numfashi. "Sai da na sami inda na ajiye fushin, in ba haka ba da ban iya kama sitiyari ba. Kai ne kusa, kuma na san za ka iya ɗauka."

Ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce:

"Yaya, gyara mini matashin nan."

Na gyara masa.

Abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ba a sayar da jirgi ba, ba a hana kowa gado ba. Fushin da kuka tarar tsakanin gidajen nan namu ne mu biyu, mun san abin da muka saya da shi, kuma mun gama da shi a ɗakin nan. Ba ya cikin abin da aka bar muku. Wanda ya bi ta Birnin Kudu ya tsaya ya ga jirgin, ya duba facin da ke gindinsa, na can ƙarshe masu baƙar kwalta na Hamisu ne. Ya yi wa Hamisu da Baba addu'a. Amma kada wanda ya sa hannu ya ɗaga.